Wacce Ce Toka?

Baba Tela ya shekara talatin da biyar a kan keken ɗinki, idonsa yakan rabe yadi biyu masu kala ɗaya tun daga bakin ƙofa. Amma kyanwoyin 'yarsa Auta sun gagare shi. Su biyu ne, Toka da Gajimare, uwarsu ɗaya, dukansu ruwan toka, dukansu masu koren ido.

Da wurin aikin Auta suka tura ta kwas na sati uku, sai ta manna takarda a jikin firji: ranar Talata a kai Toka allurar rigakafi, Gajimare an riga an yi mata tun watan jiya, lokacin Toka tana mura. Ta ajiye katunan asibitinsu biyu a kan firjin, da kwandon ɗaukarsu.

Ranar Talata da hantsi Baba Tela ya tsaya tsakiyar falo ya kira, "Toka!" Duk su biyun suka ɗago kai. Ya ce, "Gajimare!" Duk suka mayar da kai suka ci gaba da lasar ƙafa.

"Maman Auta, wacce ce Tokar a cikinsu?"

Matarsa ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu. "Waccan ta kan kujera. A'a, tsaya. Ta ƙarƙashin tebur. Kai, ni fa ban taɓa kiransu da suna ba, kul kawai nake ce musu."

Ya kira Auta, wayarta a kashe, tana aji. Ya tsaya yana sosa ƙeya. Shi tun farko ma abin bai shige shi ba. Gidansu a hawa na uku yake, kyanwoyin nan ko matakala ba su taɓa takawa ba. Cutar ta ina za ta biyo? A ƙarshe dai ya tura su duka cikin kwandon, bayan sun bar masa shaidar farce a bayan hannu.

A asibitin dabbobi aka shigar da shi wani ɗaki mai teburin ƙarfe. Likitar mace ce mai gilashi, da ganinta sa'ar Auta ce.

"Sannu Baba. Wacce za a yi wa?"

"'Yata, abin da ya sa na kwaso su duka ke nan." Ya miƙa mata katunan, ya zayyana mata komai. Sannan ya ƙara da tambayar da ke cinsa. "Amma don Allah, kyanwar da ba ta fita, me za ta yi da allura?"

"Ita ba ta fita, Baba, amma ku kuna fita. Akwai ƙwayar cutar da takan biyo takalmi ko hannun baƙon da ya taɓa wata kyanwar. Ga ɓera, ga ƙuma, ga taga a buɗe. Kuma ran da ta zille ta ƙofa ba za ta yi muku sallama ba."

Baba Tela ya dubi takalminsa kamar yau ya fara ganinsa.

"To a tsira musu duka mana, kowa ya huta."

"A'a, wadda aka yi wa watan jiya ba ta bukata. Bari mu gwada nauyi. Katin ya ce Gajimare ta ɗara 'yar'uwarta."

Ta ɗora ta farko a sikeli, ta ɗora ta biyu. Ta duba kati, ta sake duba sikeli, ta cire gilashi.

"Baba, duk su biyun sun wuce abin da aka rubuta. Me kuke ba su?"

"Abincinsu ne." Ya kawar da kai. "Sai ɗan nama, in sun zuba mini ido."

Likitar ta danne dariya, ta ce a rage, ƙiba ma cuta ce ga kyanwar ɗaka. Daga nan ta jawo wata 'yar na'ura daga aljihun tebur, ta goga a bayan wuyan ɗaya. Na'urar ta yi ƙara, lambobi suka fito.

"Yawwa. Wannan ce Toka."

"Ina kika gani?"

"Akwai ɗan ƙanƙanen abu kamar ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin fatarta, shi ke ɗauke da lambarta. Ga ta nan a kati."

"A cikin kyanwar? Lamba?"

Kafin ya ankara an gama allurar, Toka ko motsin kirki ba ta yi ba. Likitar ta duba haƙoransu da kunnuwansu, ta ɗiga wa kowacce maganin ƙuma a ƙeya, ta rubuta ranar dawowa.

"Ku sa wa Toka ido yau da gobe. In ta yi ɗan kasala ba komai. Amma in fuskarta ta kumbura, ko tana amai, ku dawo da ita nan take."

Duk hanya yana riƙe da abin a ransa: Toka ce ta hagu, Toka ce ta hagu. Yana isa gida ya ajiye kwandon a falo, ya juya zai cire takalmi a waje, abin da bai saba ba. Maman Auta kuwa, don tausayi, ta buɗe murfin. Kyanwoyin suka fito a guje, suka shige bayan kujera.

"Wa ya ce ki buɗe?"

"Wa ya ce kar in buɗe? Sun sha zafi. Wacce aka yi wa?"

Baba Tela ya durƙusa ya leƙa. Idanu huɗu koraye suna kallonsa daga cikin duhu.

Haka ya jawo kujerar roba ya wuni yana gadi. Wannan ta yi barci, ya ce ga kasalar nan, ita ce. Can sai ɗayar ma ta miƙe ƙafa ta bi sahu. Ya bi su yana shafa fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya, babu kumburi.

Da yamma Auta ta kira. "Baba, na ga kiranka. An yi wa Toka? Yaya jikinta?"

"An yi mata. Duk su biyun lafiya ƙalau."

"Ai Toka kaɗai na tambaya."

"Na ji," in ji shi. "Ni dai na gaya miki duk su biyun lafiya ƙalau."