Wa Zai Kira Babba?

Babba ya kusa shekara biyu, amma bai taɓa furta kalma ko ɗaya ba. Tafiya kam yana yi, har da gudu bayan kaji. In yana son ruwa sai ya nuna randa, in an hana shi abu ya faɗi ya yi ta birgima. 'Yar maƙwabta da aka haifa bayansa kuwa har ta iya tsiwa.

Abin ya tsaya wa uwarsa Zuhura a rai, sai dai ba bakin faɗa. Ɗan fari ne, ga shi sunan kakansa Dawuda aka sa masa, shi ya sa kowa a gidan ke ce masa Babba. Ita ko Babban ba ta faɗa. In ya raɓe ta a gaban surukarta, Iya Hassana, sai ta kau da kai ta ce, "Ku janye yaron nan." Amma ranar da wata mata ta ce a bakin rijiya, "Anya wanga yaro ba kurma ba ne?" ko tuwo kasa ci ta yi.

Iya ta lura. "Gobe a kai mini angona asibiti," in ji ta. "Na gaji da miji marar hira."

Da safe mijin Zuhura, Harisu, ya kwashe ta da Iya da yaron a babur daga Fakuwa zuwa Kankiya. Ma'aikaciyar da suka tarar, Malama Rauda, ta tambayi sunan yaro. Zuhura ta sunkuyar da kai, sunan suruki ne. Iya ta hau gyaran mayafi, sunan miji ne. Sai da Harisu ya leƙo daga ƙofa yana sosa ƙeya ya ce, "Dawuda."

Malama ta zaunar da yaron, ta zagaya bayansa. "Dawuda!" Ko motsi. Ta sake kira da ƙarfi. Yana ta wasa da igiyar wandonsa. Idon Zuhura ya cika.

"Muryarki ya fi sani," in ji Malama tana duban Zuhura. "Zo nan baya ki kira shi, a hankali."

Zuhura ta saci kallon Iya. Ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Amma ga ƙeyar ɗanta nan, ga maganar bakin rijiya tana dawo mata. Ta ce can ƙasa-ƙasa, "Babba."

Nan take ya waiwayo, baki buɗe, ya taho da gudu ya faɗa jikinta.

"Yo wa ya taɓa ce mashi wancan sunan?" in ji Iya. "Da mai sunan kika kira, shi ma sai kin yi ihu!"

Malama ta yi dariya, ta haska kunnuwansa ta ce ba ta ga komai ba. "Ki riƙa yi masa hira. Duk abin da ya nuna, ki faɗa masa sunansa kafin ki ba shi. In an kwana biyu shiru, ku dawo in tura ku wurin likitan kunne."

A bakin ƙofa Iya ta dafa Zuhura. "Na yafe kunyar. Ki yi ta surutunki da shi, daga yau ni ce kurmar gidan."

Da farko sai ta faki ido take yi. Daga baya bakin ya saba. Tana surfe tana cewa, "Gero ne wannan, Babba. Ga turmi. Waccan mai satar dusa akuya ce." Shi kuwa sai ya zuba wa bakinta ido.

Wata safiya da kaka, ana shanyar wake a tsakar gida, Iya ta ƙwala kira daga madafi, "Zuhura!"

Sai ga wata 'yar murya daga gindin turmi: "Juhuwa!"

Babba ya miƙa wa uwarsa moɗa, ya sake cewa, "Juhuwa! Uwa!"

"Ruwa yake so!" Iya ta rangaɗa guɗa, har kaji suka watse.

Harisu ya riƙe ciki don dariya. "Ke kin yi ta ɓoye sunansa, shi ga shi yana tallar naki!"

Zuhura ta rufe fuska da gefen zane, kafaɗunta na rawa. Sannan ta durƙusa a gaban kowa, ta karɓi moɗar.

"Na'am, Babba," in ji ta. "Sake faɗa."