Mai Wanke Bokiti

Tun ranar da ƙanin mijinta ya karɓe makullin ɗakin ƙwari daga hannunta take jiransa, kuma ba ta yaudari kanta ba, so take ta ga ya kunyata.

Gidan ƙyanƙyasar kifin na mijinta ne. Ita ke kula da ƙananan ƙwarin ruwan nan da ake ciyar da 'ya'yan kifi da su, tun bakinsu bai isa cin gari ba. Ƙwaron shi kaɗai ba wani abin kirki a cikinsa, abin da ya ci shi kifi ke samu. Shi ya sa take ƙosar da su da man riɗi da na waken soya kafin ta zuba wa kifin. 'Ya'yan kifinta kuwa rububinsu ake yi.

Da ciwo ya kwantar da maigidan, sai ƙanin ya zo riƙon wuri, da takalminsa mai ƙyalli da ba ya son ruwa. Ma'aikata suka laƙaba masa Manaja, shi kuma ya ɗauka girmamawa ce. Wata rana masu saye suka zo, ɗayansu ya tambaya ko wa ke haɗa abincin.

"Ni ne mana," in ji Manaja. "Matar yaya ai wanke bokiti take taya mu."

Aka kwashe da dariya. Ita ma ta yi murmushi, amma ta riƙe maganar a ranta.

Washegari ya karɓi makullin ɗakin ƙwarin, ya tare ta a bakin famfo.

"Matar yaya, wane mai kike zuba musu ne?"

"Na riɗi da na soya."

"Shi ke nan?"

"Abin da ka tambaya ke nan, ƙanina."

Ba ta yi ƙarya ba. Sai dai ba ta gaya masa cewa sai an buga man da gwaiduwar ƙwai da ruwan ɗumi ya koma fari kamar madara ba. In aka zuba shi haka nan, sama yake tasowa ya rufe ruwan, komai ya shaƙe. Ta riga ta ɗebi irin ƙwarin a kwalba, ta juye a manyan robobi bayan kicin, tana renonsu suna ta yaɗuwa.

Ba a jima ba wari ya fara fitowa ta ƙarƙashin ƙofar ɗakin. Manaja ya ƙara mai, wai yunwa ce ke damun su. Ranar da sababbin 'ya'yan kifi suka fara neman abinci, ya buɗe ɗakin ya tarar ko ƙwaro ɗaya ba ya motsi, mai na ta sheƙi a saman kowane tanki. Ga masu sayen nan sun dawo duba kayan da aka yi musu alkawari.

Ya same ta a tsakar gida, hannunta cikin kumfa.

"Yaya, don Allah. An ce kina da iri."

Yau kuma Yaya ta zama. Ta ci gaba da cuɗa bokiti.

"Ni? Me mai wanke-wanke ta sani?"

"Kifin nan mutuwa za su yi!"

Ta san gaskiya ya faɗa. 'Ya'yan kifin tankin da ke kusa da ƙofa ma sun fara kwanciya a ƙasa, kuma ta ji zafinsu har cikin ranta, don ita ta reni uwarsu. Duk da haka ba ta tashi ba.

"Kira mutanen. A gabansu ka faɗa, a gabansu za ka gyara."

Ya kira su. Ya tsaya takalminsa cikin ruwan wanke-wanke, ya ce aikin nata ne tun farko, shi bai san komai a kai ba. Ta ce ba ta ji ba, famfo na zuba. Ya maimaita da ƙarfi. Wannan karon ba wanda ya yi dariya.

Sannan ta miƙe, ta goge hannu a zanenta, ta karɓi makullinta. Ta sa ƙafa ta tura masa bokiti da soso.

"Tankunan nan duk mai ne," ta ce. "Ka cuɗa sosai, zan zo in duba."