Rekiya Ta Kwance Ɗorin Babanta

"Sai an cire karan nan, Anti," in ji Linda, mai ɗaukar hoton ƙashi. "Na'ura ba za ta nuna da kyau ba."

Rekiya ta dubi hannunta na dama. Sati uku ke nan da ta faɗo daga kan babur a hanyar Kurfi, kuma babanta, Malam Lado, shi ya yi mata ɗorin da kansa. Kaf Kurfi ba maɗori kamarsa. Ƙa'idarsa ɗaya ce: abin da ya ɗaure, ba mai kwance shi sai shi. Wanda ya kwance, ya nemi wani uban ɗorin.

To, amma yatsunta uku sun mutu mus. Mace mai kitso, ko tsinke ta kasa riƙewa! Jiya da ta faɗa masa, cewa ya yi raki ne, haka take tun tana yarinya. Abin ya ƙona mata rai. Gari na wayewa ta ɗauki mayafi ta hau motar Dutsin-Ma zuwa asibiti, ko sallama ba ta yi masa ba.

"In kina tsoro, ki koma ya kwance miki," in ji Linda.

"Tsoro? Hannun nawa ne ko nasa?"

Ta sa haƙori ta ja ƙullin. Tsumma ya warware, karare suka zube a ƙasa. Zafi ya sa ta ga wuta-wuta. Ta ɗora hannun a kan farantin na'urar, ta ce, "Ɗauki."

Likita ya ɗaga hoton ya nuna mata. Karayar da Malam Lado ya ɗora ta kama ras. Amma can a wuyan hannu akwai wata, ƙarama, wadda ba a taɓa ba, ɗaurin kuma yana ta matse ta. Ya ce da ta ƙara kwanaki, da ta yi sallama da kitso.

Bayan la'asar ta shigo zauren babanta da farin filasta har gwiwar hannu. Malam Lado na zaune da masu jiran ɗori.

"Wa ya kwance?"

"Ni ce, Baba. Da haƙorina."

Ta durƙusa, ta ajiye kararen a gabansa, ta miƙa masa hoton. Ya ƙi karɓa. Ita ma ta ƙi saukar da hannu. Can sai ya fizge, ya fita ƙofa ya ɗaga shi saitin rana.

Ya daɗe a tsaye. Ba wanda ya nuna masa wurin. Babban yatsansa ne ya bi ƙashin a hankali, ya wuce ɗorinsa, ya tsaya daidai kan ƙaramin layin karayar wuyan hannun.

Bai juyo ba ya ce, "Motsa yatsun in gani."

Rekiya ta cije leɓe. Manuniya ta ɗan motsa.