Hannun da Ke Ɗaukar Inna

Da likita a Gwarzo ya ce Jibirin ya rage tumbi saboda ciwon suga, matarsa Zulaiha ta ɗauki abin da zafi, yadda ta saba ɗaukar komai. Bayanin likita da tsawo: a rage tuwo da lemon kwalba, a riƙe wake da ƙwai da kifi, kada kuma ya bar aikin ƙarfi. Ita dai "a rage" ta ji. A ganinta daɗi ke kawo ƙiba, don haka ta tsame nama daga kwanonsa, ta hana shi nono, ƙwan zabi kuwa sai maƙwabta. Gonarsu ta Mainika ma ta sa ya bar wa 'yan ƙwadago, wai mai ciwo hutu yake so.

Tumbi kuwa ya tafi. Riga ta koma tana yi masa yawa, Zulaiha na ta ba da labari a gidajen suna.

Abu ɗaya ne Jibirin bai taɓa bar wa kowa ba. Tun da ƙafafun mahaifiyarsa suka shanye, kullum da hantsi shi ke ɗauko ta cak daga ɗaki ya kai ta inuwar darbejiya, ta sha iska, ta ga mutane. Ran nan Zulaiha na shara ta hango ya sunkuya ya ɗaga Inna, hannuwansa suka hau rawa. Ya mayar da ita kan katifa. Ya sake gwadawa, ya durƙushe yana haki. Sai a lokacin ta kalli damtsensa da kyau, fata ce kawai ke reto. Kunya da nadama suka rufe ta.

"Bar shi, Auta," in ji Inna. "Ni ce na yi nauyi."

Da yamma Zulaiha ta dafa wake da kifi, ta cika masa kwano. Ya zauna ya ci. Ta san tsokar da ta zube ba ta dawowa a kwana ɗaya.

Da ta shiga ɗauko kwanon Inna, sai ta tarar ko rabin tuwon ba ta ci ba.

"Inna, miyar ce ba ta yi ba?"

"Ta yi, 'yar nan. Ragewa nake yi, ko ya samu ya iya ɗaga ni."