Birkilan da Ya Ƙi Kifa Lamba

Shekara goma sha tara Matiyu ya yi yana ɗora bulo a ma'aikatar ayyuka ta Gombe, amma sunansa bai taɓa shiga jerin ma'aikatan dindindin ba. In an yi aiki a rubuta masa rana, in ruwan sama ya hana ya koma gidansa a Dawaki ya zauna. Da aka ƙirƙiro sabuwar jiha a 1976, gine-gine suka ɓarke ko'ina, aka ce ana neman helumomi, wato shugabannin magina, kuma wanda aka ɗauka ya zama ma'aikaci sosai har da fansho. Sharaɗi ɗaya ne, sai mutum ya ci jarrabawa. Gwajin aikin hannu bai dami Matiyu ba, don ko idonsa a rufe zai miƙe bango. Takardar lissafi ce ta kayar da shi har sau biyu, an kuma gaya masa wannan zaman ne na ƙarshe ga mai shekarunsa. In ya sake faɗuwa, Titus ne zai zama heluma a kansa, Titus ɗin da shi ya koya wa riƙon cokalin gini.

Abin da ya fi masa zafi shi ne malamar da ya samu. Janet ce, 'yarsa ta fari, wadda ta zo hutu daga kwalejin horon malamai. Kullum da la'asar sukan zauna a gindin darbejiyar tsakar gida, ita da alli da allo, shi da fensir a bayan kunne da fuska a murtuke. Tarawa da ɗebewa ba su ba shi wahala ba. Inda aka yi cirko-cirko shi ne ranar da ta rubuta masa biyu bisa uku na wani abu daidai yake da goma, ta ce ya nemo abin.

"Baba, ba wuya," in ji ta. "Ka kifa biyu bisa ukun nan ya koma uku bisa biyu, sai ka ninka ɓangarorin biyu da shi."

Matiyu ya dubi allon, ya dube ta. "In kifa? Wannan ukun da ke ƙasa ba shi ne ke ɗauke da biyun ba?"

"Haka yake a rubuce, Baba."

"To shi ne tushe. Ke a kwalejin naku ana ɗora tushe a kan rufi?"

Janet ta yi dariya, wannan kuwa shi ne kuskurenta. Matiyu mutum ne mai haƙuri da siminti da rana da direbobi, amma ba ya haƙuri da dariya. Shi a ganinsa duk abin da aka aza a ƙasa an aza shi ne da dalili, wanda ya ce a juya shi bai taɓa ganin gini ya rufta ba. Ya tambaye ta dalilin kifawar, ta ce haka ƙa'idar take, haka aka koya musu. Ya ce ƙa'idar da mai ita bai san dalilinta ba, ko lebura ba zai ba ita ba. Kwana huɗu suna wannan ja-in-ja. A na biyar ya ture allon da ƙafa ya ce ba zai zauna yarinyar da ya yi wa wanka ta mai da shi sakarai ba. Ta kwashe allinta ta shige ɗaki, yana jin sheshshekarta ya yi kamar bai ji ba.

Washegari uwarta Lois ta aike ta da tuwon rana wurin aikinsa a unguwar Malam Inna, inda ake gina gidajen ma'aikata. Lois ta san abin da take yi, don ba a taɓa kai masa tuwo can ba. Janet ta iske shi tsaye jikin wata katanga da ba a ƙarasa ba, direban motar bulo, Sule, yana tambayarsa nawa zai ƙaro.

Matiyu ya bi katangar da ido daga wannan kusurwa zuwa waccan. "Mun ci kashi biyu cikin uku, bulo ɗari shida suka shiga. Gaba ɗayanta ɗari tara za ta ci. Kawo ɗari uku."

Ko numfashi bai ja ba a tsakani. Janet ta ajiye kwanon a kan bulo.

"Baba, yaya aka yi ka san ɗari tara?"

"Wannan ma tambaya ce? Kashi biyu sun ci ɗari shida, ke nan kashi ɗaya ɗari uku. Kashi uku ne katangar, ɗari uku sau uku."

"Ka raba da biyu, ka ninka da uku."

"To da me zan yi?"

Ta tsinci gawayi a inda leburori ke dafa shayi, ta durƙusa ta rubuta a jikin katangar: uku a sama, biyu a ƙasa. "Ga shi nan, Baba. Ninkawa da uku, rabawa da biyu. Uku bisa biyu ke nan. Ai ka kifa shi yanzun nan da bakinka." Ita ma sai yanzu ta ga dalilin abin da ta haddace. "Biyu bisa uku sau uku bisa biyu, shida bisa shida ne, wato ɗaya. Katanga guda cikakkiya. Ba rushewa ake yi ba, ƙarasa ginin ake yi. Kuma abin da ka yi wa wannan gefen dole ka yi wa wancan, kamar yadda ba ka ɗaga kusurwa ɗaya ka bar ɗaya."

Matiyu ya ga abin, ya gan shi sarai. Amma leburori sun bar kwaɓa siminti suna kallo, Titus ma ya sauko daga kan katakon da ake hawa a yi gini yana murmushi. Sai girman kai ya riga shi magana.

"Wa ya ce ki ɓata mana bango da gawayi? Ɗauki hanya ki tafi gida."

Ta tafi. Kwana biyu bayan haka hutu ya ƙare, ta durƙusa ta yi masa sallama, ya ce Allah ya kiyaye hanya, bai ƙara ko kalma ɗaya ba. Sai dai da aka zo yaɓe katangar, ya ce a bar masa wannan gefen, shi zai yi da kansa. Sati guda yana kewaye wurin, kullum sai ya tsaya ya dubi rubutun gawayin kafin ya ɗauki cokali.

Ranar jarrabawa aka zaunar da su a wani ajin firamare, manya-manyan mutane a kan bencin yara, gwiwoyi na tokarar tebur. Mai sa ido, Malam Bamanga, ya raba takardu ya ce duk amsar da ba a nuna hanyarta ba, ba ta da maki. Wannan dokar ce ta kashe Matiyu a zama biyun farko, don shi amsa a ka take zuwa masa, hanyar ce ba ya iya rubutawa.

Tambaya ta huɗu ita ce mai maki da yawa. Uku bisa biyar na tankin ruwa galan ɗari da ashirin ne, galan nawa tankin ke ci?

Matiyu bai san tanki ba, bango ya sani. Ya zana bango a gefen takarda ya yanka shi biyar. Kashi uku ɗari da ashirin, kashi ɗaya arba'in, biyar ɗin ɗari biyu. Amsa ta fito. Saura hanya. Ya rubuta uku bisa biyar, ya tsaya yana kallonsa, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Hannunsa ya yi nauyi kamar ranar da aka sa shi rushe ɗakin da shi ya gina. Sannan ya ɗauki biyar ɗin nan ya aza a sama, ya sa uku a ƙasa, ya rubuta a hagu, ya rubuta a dama. Hagu ta koma ɗaya. Dama ta ba da ɗari biyu, daidai da abin da bangonsa ya faɗa. Ba abin da ya rufta.

Bayan wata guda aka liƙa sunayen waɗanda suka ci jarrabawar a ƙofar ofis. Matiyu ya tsaya nesa yana gyara sarƙar kekensa da ba abin da ya same ta. Titus ne ya kutsa cikin taron, ya fito, ya zo gabansa ya cire hula.

"Heluma, ina za mu fara gobe?"

Murna ta kama Matiyu, amma ba ta daɗe ba kunya ta danne ta, don wadda ya kamata ta fara jin labarin tana can wata uwa duniya, kuma maganar ƙarshe mai tsawo da ya yi mata kora ce a gaban leburori. Bai tafi gida ba. Ya biya gidan waya ya sayi takarda da ambulan da kan sarki, ya jingina da kantar. Bai taɓa rubuta wa kowa wasiƙa ba, Lois ce ke yi. Ya rubuta gaisuwa ya soke, ya fara ban haƙuri kalmomin suka ƙi jeruwa.

A ƙarshe ya kwafe tambaya ta huɗu daga ka, ya warware ta layi bayan layi, biyar a sama, uku a ƙasa, a gefen hagu da gefen dama. A ƙarƙashi ya rubuta da manyan baƙaƙe masu karkata:

"Malama Janet, ki duba mini ko daidai ne. Ni ne ubanki, Matiyu."