Sunan Unguwar Fintan

Ana ɗaga akwatin gawar a ƙofar coci, Fergal ya ture hannun wansa Declan.

"Cire hannunka daga kafaɗata."

"Kai, gawar Baba ce a kanmu! In ban dafa ka ba, ta yaya za mu daidaita?"

"Dafa wani. Kai da ko asibitin ba ka leƙa ba."

"Ji ɗan rainin wayon nan!"

Nuala, uwarsu, tana tsaye a baya da baƙar rigarta, takaici ya cika ta har wuya. Maza shida ke ɗaukar mamaci, bibbiyu, kowa ya dafa kafaɗar ɗan'uwansa. Shi ke nan abin da ta roƙa a wurin ƙattin nan biyu da suka shekara ba sa ga maciji: su kai ubansu mota da mutuncinsa.

Kuma a ce mijinta Fintan za a yi wa haka! Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana wanke sunan unguwarsu, Donnybrook. A Turanci, in faɗa ya kaure aka rasa mai raba wani, sai a ce an yi donnybrook, saboda wata tsohuwar kasuwar shekara da aka riƙa ci a nan, ta dawaki da giya da sanduna, wadda aka rufe tun zamanin kakanni. Duk wanda ya furta kalmar a gabansa sai ya sha bayani.

"Baƙi ne suka riƙa dambacewa," in ji shi kullum. "Mu 'yan unguwa ba halinmu ba ne."

Ita ma ta sha taya shi.

Declan ya kai gwiwar hannu, Fergal ya rama. Surukai suka shigo rabo, suka ɓuge da cakumar juna. Akwatin ya karkace, Nuala ta ji mijinta ya zame a ciki, ƙum, ya bugi katako. Ta ɗaga murya.

"Ku sauke shi."

"Mama, ai shi ne ya fara..."

"Na ce ku sauke min mijina. Kada wanda ya ƙara taɓa shi."

Aka ɗora akwatin a keken tura gawa, irin na mamatan da ba su bar kowa ba. Ta kama da kanta ta fara turawa.

A bayanta wani baƙo ya raɗa wa matarsa kalmar nan, donnybrook, yana danne dariya. Nuala ta ji sarai. Ta buɗe baki za ta ce baƙi ne, sai ta rufe, ta ci gaba da tura keken.