Zoben da Ya Ƙi Zama a Bakin Auta

Karo na huɗu ke nan da Baban Auta ya rufe shagonsa na ɗinki, ya kawo 'yarsa wurin likitar haƙori, riƙe da ɗan zoben ƙarfe a ƙulle cikin ƙyalle.

"Likita, ya sake fita," in ji shi.

Shekarun Auta goma sha ɗaya. Haƙoranta na gaba sun hau juna, shi ya sa aka ɗaura musu waya. Wayar kuwa jikin zoben nan take kamawa, wanda ake sanya wa turmin haƙori na can ƙurya, a liƙe da siminti. In zobe ya fita, aiki ya koma baya.

Abin ya tsaya wa Likita a rai. Da farko ta zargi yawu, ta cika kumatun yarinyar da auduga, ta busar da haƙorin ƙayau kafin ta liƙa. Sati ɗaya ya fita. Ta sauya siminti. Ya fita. Ta ɗauko zoben da ya fi matsewa, ta fesa wa cikinsa yashi mai laushi har ya yi kaushi, don simintin ya samu wurin kamawa. Wannan ya yi sati uku, har ta fara yi wa abokan aikinta alfahari. Yau ga shi a ƙyalle.

Ta ɗaga zoben saitin fitila tana juyawa. Sai ta ga gefensa ya lanƙwashe, da ɗan guntun shuɗiyar roba maƙale a jiki. Ta dubi aljihun rigar makarantar Auta, ga biro, murfinsa shuɗi duk an tattaune shi. Ta buɗe katin yarinyar ta bi ranakun zuwanta. Duk Talata ne, duk da safe.

"'Yata, yanzu da kina aji, me ake koya muku?"

"Lissafi, Anti Likita," in ji Auta, tana murmushi har kunne. Sai kuma ta ankara, ta rufe baki da hannu.

Baban Auta ya cire hula ya sosa kai. "Ni da nake ta tausayinki, har shinkafa nake sa a dafa miki ta yi luguf?"

"Wannan na ƙarshen ya ba ni wuya, Baba," ta ce a hankali. "Sai da na yi sati biyu ina ɓamɓara."

Likita ta juya baya kamar tana neman safar hannu, tana ƙunshe dariya. A ranta kuwa daɗi ta ji, ashe fesa yashin nan ba wasa ba ne.

Ta sake shirya sabon zobe, ta danna shi ya zauna daram.

"Daga yau Asabar ce ranarki," ta ce. "Kuma in ya sake fita, kafin siminti ya bushe sai kin kawo min haddar bakwai sau ɗaya har bakwai sau goma sha biyu, da auduga a baki."

Zoben bai ƙara motsi ba har wata goma sha huɗu. Likita ta mayar da fesa yashi ƙa'ida ga duk yaron da ya zo, ta kuma ƙara tambaya ɗaya a katin sababbin zuwa: wane darasi ne ba ka so?

Ranar da aka cire wayar, Auta ta daɗe gaban madubi tana yaƙe haƙora, sun jeru reras. A bakin ƙofa ta tsaya, ta ɗan kanne ido ɗaya.

"Anti Likita, likitan ido na ɗakin can, da safe yake ganin mutane?"

Babanta ya kama hannunta suka wuce.